Hannun Baba Mai Walda

Litinin, 2 ga wata, 7:20 na safe

Na riga kowa zuwa aiki yau don kada in haɗu da mutane a ɗakin haɗa batir. Amma ƙofar ofishina ta can take, dole sai na ratsa. Teburin Baba Mai Walda yana nan yadda ya bar shi ranar Alhamis: tabarau a kan inji, kujera a ture ciki, tsumman goge hannu a ninke gida huɗu. An ce wa mutum ya tattara ya tafi gida, shi kuma ya tsaya ninke tsumma.

An dakatar da shi mako huɗu. Ranar 26 kwamiti zai zauna. In suka yarda da abin da aka rubuta, kora ce, da takardar shaidar sakaci a kai, irin wadda ko gadi ba za a ɗauki mutum da ita ba. Shekara goma sha tara yana walda a kamfanin nan, tun ana yin batir mai ruwa, tun ban san mene ne ƙididdiga ba.

Ba zan yi maganar rahoton ba. An ba ni alƙaluma, na yi lissafi, lissafi ya fito. Aikina ke nan.

Talata, 3 ga wata, 1:15 na rana

Manaja ya kira ni ofishinsa yana ta fara'a. Ya ce, "Malama, kin fitar da mu kunya. Masu sayen kayanmu sun kwantar da hankali tunda suka ji an gano mai laifi." Na ce na gode. Ban san abin da na gode wa ba.

Bari in rubuta yadda abin yake, ko zan daina juya shi a kai. Batiranmu su ke riƙe firjin allurar rigakafi a ƙananan asibitoci. Sola ta caja su da rana, su riƙe sanyi har gari ya waye. A wata shida, sittin da ɗaya sun dawo mana a mace tun ba su je ko'ina ba. Sai kuma abin da ya faru a asibitin nan na hayin kogi, wanda ba zan rubuta ba. Masu walda biyar gare mu, kowa da lambarsa a jikin batirin da ya haɗa. Cikin sittin da ɗayan, arba'in da huɗu lambar Baba ce.

To me zan ce? Arba'in da huɗu dai arba'in da huɗu ne.

Doguwa, wadda teburinta ke kusa da na Baba, ta amsa gaisuwata ba tare da ta ɗago kai ba. Cikinta wata bakwai, da can ni take tsokana wai in lissafa mata ranar haihuwa.

Laraba, 4 ga wata, 6:40 na yamma

Ban ci abinci a wurin aiki ba. Ba yunwa.

Alhamis, 5 ga wata, 4:30 na yamma

Mai Sito ta tare ni a bakin famfo. Mace ce da ba ta iya ɓoye abu, in ta ƙi ka, har takalminta ma sai ya nuna. Ta ce, "Malama Lissafi, wai ni kwamfutar nan taki tana jin zafi kuwa?" Na ce ban gane ba. Ta ce, "Ai na san ba ki gane ba. Ƙarfe biyu ki zo sito, ki baro kwamfutar."

Na je. Shekara uku ina kamfanin nan, ban taɓa wuce teburinta ba, abin kunya. Siton dogo ne, layi huɗu na kwalayen ƙwayoyin batir, waɗanda ake jerawa talatin da biyu a yi musu walda su zama batir guda. Layi na huɗu yana can ƙarshe, jikin babbar ƙofar ƙarfe da ke kallon yamma. Ta ce in ɗora hannu a kan kwali. Wallahi kamar murfin tukunya. Ta ce akwai kwalin da ke yin wata uku a wurin, rana tana gasa shi daga azahar har faɗuwarta. Sau uku ta rubuta wa Manaja a sa rumfa ko a sauya wuri, amsa ɗaya: babu fili.

Ko ɗalibin shekarar farko ya san zafi yana tsofar da ƙwayar batir tun ba a taɓa ta ba. Na ce, to amma ai kowa yana ɗiba daga nan.

Ta yi min wani kallo. "Kowa wa? Da safe kowane mai walda yana zuwa ya ɗauki kwalinsa. Uku mata ne, ɗaya ga ciki, ɗaya ga ciwon baya. Na huɗun kuma ragon maza ne, ko inuwarsa nauyi take masa. Baba ya ce su riƙa ɗaukar na kusa, shi zai tura baro zuwa ƙarshe. Ba wanda ya sa shi. Tun da aka kawo layin nan haka yake yi."

Na dawo ofis na zauna, ban kunna komai ba.

Juma'a, 6 ga wata, 10:00 na safe

Kowane batir yana da kati da mai walda ke cikewa da hannu: lambarsa, rana, da lambar kwalin da ya ɗiba. Lambar mai walda kaɗai ake shigarwa kwamfuta, saboda wanda ya tsara shafin bai bar gurbin kwali ba. Ni kuma ban tambaya ba. Ban tambaya ba.

Katunan suna cikin buhu biyu a bayan ofishin Injiniya, mai kula da ɗakin gwaji. Dubu ɗaya da ɗari uku da tamanin. Mai Sito kuma tana da wani littafi nata na kanta, inda take rubuta layin da kowane kwali ya zauna da kwanakin da ya yi. Ta miƙo min shi ta ce, "In ya ɓace, ke ma ki ɓace."

Zan shigar da su duka, ɗaya bayan ɗaya.

Asabar, 7 ga wata, 5:00 na yamma

Kati 310. Baban yara yana karanto min, ina bugawa. Rubutun ragon nan kamar kaza ta bi ta kan tawada. Na Baba kuwa kowace lamba a tsaye, bakwai ɗinsa har da ɗamara.

Lahadi, 8 ga wata, 11:30 na safe

Kati 640. Baban yara ya ajiye katunan ya ce, "Uwar alƙaluma, ni fa malamin firamare ne, ki yi min bayani da Hausar mutane. Me ya lalace a lissafin farko?"

Na ce ban ce wani abu ya lalace ba. Ya kafe ni da ido, irin kallon da yake yi wa ɗalibi har ya gaji ya faɗi gaskiya.

Sai na gaya masa. An auna ƙwayoyin da ke cikin batiran da suka mutu, kowace ɗaya. Na Baba kaɗai ƙwaya dubu ɗaya da ɗari huɗu da takwas. Lissafin ya ɗauki kowace ƙwaya a matsayin shaida mai zaman kanta, shi ya sa ya fito da ƙarfinsa, ba ko tantama. Alhali ƙwaya tana cikin batir, batir daga kwali ya fito, kwali kuma a layi ya zauna. Abin hawa-hawa ne. Ƙwayoyin kwali ɗaya 'yan ɗaki ɗaya ne, rana ɗaya ta gasa su, in sun yi magana baki ɗaya ne.

Ya ce, "Au, wannan ai mun san shi. In aji guda ya faɗi jarrabawa, ba na cewa yara arba'in ne daƙiƙai. Sai in je in ga ajin, ko rufinsa yana yoyo, ko malaminsu yana zuwa." Ya ɗauki kati ya sake ajiyewa. "Wa ya yi lissafin farkon?"

Na ce ya ci gaba da karatu, rana tana yi.

Litinin, 9 ga wata, 3:45 na yamma

Wani ya kai wa Manaja labarin buhunan. Ya leƙo ofishina, ya tsaya a bakin ƙofa hannu a aljihu. "Malama, maganar nan an rufe ta. Me kike tonowa?" Na ce gyaran bayanai nake yi. Ya ce, "Ki yi a hankali, kada garin gyara ki ɓata naki sunan. Sa hannun wa ke ƙasan rahoton?"

Ya san inda zai taɓa, ya kuma taɓa.

Kati 905. Wuyana ya ƙage. Zan gama.

Talata, 10 ga wata, 6:10 na yamma

1,380. Na gama. Yatsuna kamar ba nawa ba.

Laraba, 11 ga wata, 12:20 na rana

Na sake gina lissafin da hawansa: ƙwaya a cikin batir, batir a cikin kwali, kwali a cikin layi, mai walda kuma a gefe, a bar kowane hawa ya ɗauki rabonsa na laifin. Kwamfutar ta yi minti ashirin tana tunani, ni kuma ina zagaya ofis kamar mai jiran haihuwa.

Ga abin da ya fito. Batira arba'in da huɗun nan na Baba daga kwali goma sha uku kacal suka fito. Shaidu dubu da ɗari huɗu ashe mutum goma sha uku ne suke ta maimaita magana. Da aka ba layi rabonsa, sai bambancin da ke tsakanin masu walda ya motse, har ba ka iya ganinsa. Layi na huɗu ya kwashe kusan komai.

Akwai kuma kwana tara da Baba ya yi jinya, dole sauran suka tura baro. Batira talatin da takwas suka haɗa daga bakin ƙofa, tara sun dawo. Shi kuma ya taɓa haɗa arba'in da ɗaya daga layin ciki, guda ɗaya ne ya dawo.

Na so in yi tsalle, amma na zaunar da kaina. Talatin da takwas ɗin daga kwali huɗu suka fito, arba'in da ɗayan ma kwali huɗu. Huɗu da huɗu. In na ɗaga murya a kan wannan kamar yadda aka ɗaga a wancan, kuskuren ɗaya ne, riga kawai ya sauya. Lissafin yana nuna hanya, amma bai isa ya wanke mutum fes ba. Ina bukatar gwaji, kuma ina bukatar hannun Baba a ciki.

Alhamis, 12 ga wata, 2:00 na rana

Na kai wa Manaja. Ya duba shafin farko ya ture. "Kwanakin baya lissafi ya ce Baba, yau lissafi ya ce ƙofa. Gobe kuma sai ya ce ni ne?" Alhali takardun Mai Sito guda uku suna cikin durowar da gwiwarsa ke taɓawa. Na ce akwai batira ɗari biyu da ashirin da shida daga layin nan da har yanzu suke asibitoci. In ƙofa ce, korar Baba ba za ta hana ko ɗaya mutuwa ba. Ya ce in fita.

Na fita, na rubuta wa Shugabar kwamiti kai tsaye, na sa wa Manaja kwafi.

Juma'a, 13 ga wata, 4:50 na yamma

Shugaba ta amsa da layi biyu: a yi gwajin in Baba ya yarda, sakamako ya zo gabanta ranar 26. Manaja kuma ya aiko min da takardar tuhuma kan tsallake shi. Na sa ta a ƙarƙashin kofin shayi, tebur ɗin dama yana tabo.

Asabar, 14 ga wata, 6:30 na yamma

Na je gidan Baba. Mai Sito ce ta kwatanta min, bayan gidan mai, ƙofa mai shuɗin fenti. Matarsa ta buɗe. Da na faɗi ko ni wace ce, sai fuskarta ta rufe. Ta ce, "Au, ke ce." Ta dai shimfiɗa min tabarma ta kawo ruwa, amma ta dire kofin yadda sai da rabi ya zube.

Yana tsakar gida a kan benci, gabansa wani tsohon injin walda da ya haɗa da kansa, da tulin guntayen ƙarfe. Ya rame. Yana manna guntaye biyu, ya ja da filaya ya ga ko za su rabu, ya jefa a bokiti, ya ɗauki wasu. Bokitin ya kusa cika. Matar ta ce, "Kin gan shi nan, tun ranar da ya dawo. Wai yana neman inda hannunsa ya lalace."

Ashe bai yi fushi da rahoton ba. Yarda ya yi da shi. Wannan ne ban shirya masa ba. Ya ce, "Malama, ni ban yi boko mai nisa ba. In masu ilimi suka auna suka ce hannuna ne, to hannuna ne. Abin da ke hana ni sukuni, yaran asibitin nan. Ina ta duba ko idona ne ya mutu ban sani ba."

Na zo da bayani a tsare, shafi uku. Ban buɗe ba. Na ce, "Baba, ni na rubuta rahoton. Ni na yi lissafin, kuma na yi shi ba daidai ba. Ban je sito ba, ban duba kati ba, ban tambaye ka komai ba. Ina jin ba hannunka ba ne, zafin ƙofar can ne."

To, na rubuta. Ni ce.

Ya daɗe yana juya filaya. Ya ce, "Kina ji, ko kin tabbata?" Na ce ban tabbata ba tukuna. Ya ce, "Gara haka. Wancan karon takardarki ta tabbata."

Na yi masa bayanin gwajin. Matar ta ce ba inda za shi, su da suka wulaƙanta shi su zo nan su same shi. Ya ce, "Bari, Inna. In hannuna ne ina so in sani, in ba shi ba ne ma ina so in sani." Ya tambayi ƙarfe nawa. Na ce takwas. Ya ce shi bakwai da rabi ya saba.

Litinin, 16 ga wata, 5:20 na yamma

Ga yadda muka yi. Kwali goma sha biyu, shida daga bakin ƙofa, shida daga ciki. Mai Sito ta juye su a kwanduna marasa lamba, ta ba kowane kwando harafi. Daga kowane kwando batir biyu, ɗaya Baba, ɗaya Doguwa. Ashirin da huɗu ke nan, kowanne da ɗan'uwansa. Injiniya ya manna musu sabbin lambobi. Takardar da ke faɗin wane ne wane tana cikin ambulan, Shugaba ta sa hannu a bakinsa ta tafi da shi. Ni kaina ban sani ba, haka na nema, don na daina yarda da idona in yana son wani abu.

Da Baba ya shigo, sai gaisuwa ta ɓarke ta ko'ina. Ya zauna, ya sa tabarau, ya ɗauki ƙwayar farko. Na ga hannunsa yana rawa. Doguwa ma ta gani, sai ta hau mita da ƙarfi wai ɗan cikinta yana harbinta tun safe, halin ubansa sak, bai iya zama wuri ɗaya ba. Aka yi dariya. Kafin a gama dariyar Baba ya wuce batir na farko, hannun kuma ya zauna.

Talata, 17 ga wata, 9:00 na safe

Batiran sun shiga ɗakin gwaji. Injiniya zai yi ta caja su yana sauke su ba hutawa, kwana takwas, a ga wanda ƙarfinsa zai zube. Ya ce kada in dame shi da leƙe.

Laraba, 18 ga wata, 1:00 na rana

Na leƙa sau huɗu.

Juma'a, 20 ga wata, 3:30 na yamma

Lamba 17 ya fara zubewa, shi kaɗai, tun sauran ba su motsa ba. Injiniya ya ce irin wannan saurin ba ya kama da tsufan ƙwaya, ya fi kama da walda. Ya faɗa yana kallon allo, bai kalle ni ba.

Ban san na wane ne ba. Ban sani ba, ban sani ba.

Asabar, 21 ga wata, 10:40 na safe

Na yi wa yara tsawa a kan takalmi, abin da bai kai ya kawo ba. Baban yara ya kwashe su suka fita, ya dawo ya same ni ina goge kicin ɗin da na goge ɗazu. Ya ce, "In ya fito hannunsa ne fa?" Na ce to haka zan faɗa, a gabansa, da bakina. Ya ce, "Za ki iya?" Na ce ban ja mutum daga gidansa don in yi masa ƙarya mai daɗi ba.

Tsoro nake ji, gaskiya. In na sake kai shi ƙasa karo na biyu, da hannunsa ya taya ni haƙa ramin.

Litinin, 23 ga wata, 4:00 na yamma

Wasu takwas sun bi, a hankali, kusan tare. Tara ke nan. Sha biyar suna nan daram.

Laraba, 25 ga wata, 6:00 na yamma

Na rubuta takardar janye rahotona. Sau uku ina rubuta "an samu kuskure", ina gogewa. Ba samunsa aka yi a hanya ba. Na rubuta "na yi kuskure", na sa hannu. Duk abin da ambulan ya ce gobe, wannan takardar tana nan, don lissafin farko ba daidai yake ba ko da a ce ya faɗa kan gaskiya.

Alhamis, 26 ga wata, 5:45 na yamma

Ɗakin taro, mutum uku na kwamiti, Manaja a gefe, Injiniya da takardunsa, Mai Sito da littafinta a ƙirji, Baba a kujerar ƙarshe da hularsa a gwiwa.

Na fara karanta takardata. Na kai ta har ƙarshe. Sai Injiniya ya karanto lambobi taran da suka zube, Shugaba ta yage ambulan tana haɗawa.

Takwas ɗin nan biyu-biyu suka fito. Kwando huɗu, kowanne na Baba ya zube, na Doguwa ma ya zube. Duka huɗun daga bakin ƙofa. Mai Sito ta ce "Alhamdu lillahi" da ƙarfin da sai da Shugaba ta ɗago kai.

Saura lamba 17. Kwalin ciki ne. Na Baba ne.

Manaja ya gyara zama. "To, ga shi nan. Na Baba biyar, na Doguwa huɗu." Na buɗe baki zan yi bayani, Baba ya riga ni. Ya miƙe ya ce, "Ranki ya daɗe, wannan nawa ne, na san shi. Shi ne na farko da na haɗa ranar Litinin. Jeri na biyu a cikinsa, ƙwaya ta uku, waldar ba ta kama sosai ba. Na ji a hannuna, na yi shiru don kunya." Injiniya ya ce jiya ya buɗe shi, kuma wurin ke nan daidai. Ya ƙara da cewa ya bi waldar batira arba'in da huɗun da suka dawo, bai samu irin wannan ko ɗaya ba.

Shugaba ta ce, "Me ya faru ranar Litinin, Baba?"

Ya ce, "Shekara goma sha tara hannuna bai taɓa rawa ba, sai da aka karanta min rahoton nan."

Bai kalle ni ba da ya faɗa. Da ma ya kalla.

Sun fitar da mu minti arba'in. Hukunci: an janye dakatarwar, babu sakaci. A kwashe layi na huɗu yau ɗin nan. A dawo da batira ɗari biyu da ashirin da shida, a fara da asibitocin da suka fi nisa. Shugaba ta nemi takardun Mai Sito guda uku, Manaja ya ce zai duba ko suna nan. Maganata kuma za a zauna a kanta wata mai zuwa. Su zauna. Jerin asibitocin yana hannuna, gobe zan kasa shi bisa nisansu.

Juma'a, 27 ga wata, 8:10 na safe

Bakwai da rabi na same shi a teburinsa, ya riga ya jera ƙwayoyi. Batiran canji za a haɗa, ɗari biyu da ashirin da shida, kuma ya ce a fara ba shi nasa kason.

Na tsaya a gabansa. Na shirya magana tun a mota, doguwa, mai kai da ƙafa. Na ce, "Baba," sai sauran ta gudu. Ɗakin duk an yi kamar ana aiki, amma ba injin da ke ƙara. Na ce, "Baba, ka yafe min." Hawaye suka zo ba da izinina ba, a gaban kowa, har da ragon nan.

Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau, ya daɗe. Sannan ya ɗauki ƙwaya ya saita ta a ƙarƙashin inji, hannun ko motsi babu.

Ya ce, "Na yafe tun a gida. Ɗan matsa, 'yata, kin tare min haske."

Na matsa.